Na Shiga Ban Ɗauka Ba

Hausawa sun ce, "na shiga ban ɗauka ba" ba ta fid da ɓarawo. Kowa ya san wannan karin magana. In aka kama mutum cikin ɗakin wani da tsakar dare, ya ce bai taɓa kome ba, babu mai yarda da shi. To, amma mu ɗauka gaskiya ya faɗa. An laluba aljihunsa, ba kome. An ƙidaya kayan ɗaki, sun cika cif. Shin wannan mutum ya yi laifi ko bai yi ba? In ya yi, wa ya cuta?

Akwai waɗansu samari can ƙasashen Turai da Amurka da wannan tambaya ta hau kansu sosai. Labarinsu za mu duba, ƴan'uwa, mu auna shi da hankali.

Ƴan leƙen birni

Cikin manyan birane kamar Landan da Paris da Toronto, akwai wuraren da aka rufe, aka hana mutane shiga. Akwai tsoffin masaƙu da suka daina aiki, da asibitocin da aka bari, da hanyoyin jirgi na ƙarƙashin ƙasa, da dogayen benayen da ba a gama ginawa ba. Waɗansu samari da ƴan mata sun mai da shiga irin waɗannan wurare abin nishaɗinsu. Sai su jira dare ya raba, su ɗauki tocila da na'urar ɗaukar hoto, su haura shinge ko su kutsa ta wata kafa. Su yi kallo, su ɗauki hoto, su fita kafin gari ya waye. A nan za mu kira su ƴan leƙen birni.

Su ba su ɗauki kansu ɓarayi ba. Wani mutumin Toronto ta ƙasar Kanada, mai suna Jeff Chapman, ya fara buga wata ƴar jarida ta masu wannan sha'awa cikin shekarar 1996. Ya kuma rubuta musu littafi wanda ya fito cikin 2005, shekarar da ya rasu. Ka'idar da suke taƙama da ita mai sauƙi ce. Kada ka karya kome, kada ka ɗauki kome. Hoto kaɗai za ka fito da shi, sawun ƙafa kaɗai za ka bari.

Waɗansu cikinsu ba su tsaya ga kangaye ba. Sun riƙa haurawa cikin dare inda ake shirya manyan finafinan sinima.

Garin da ba gari ba

Wanda ya kalli babban fim zai ga fadar sarki, ko birni mai ganuwa, ko jirgi mai yawo cikin taurari. Da yawa cikin waɗannan abubuwa ba na gaskiya ba ne. Kafintoci da maƙera da masu fenti ne suke haɗa su da katako da ƙarfe da farar ƙasa. Ka ga gida mai kyau daga gaba, in ka zagaya bayansa sai ka tarar da bango guda tak, an tokare shi da itace. Dutsen da ka gani kamar mutum goma ba su ɗaga shi, yaro ma yana iya ture shi. Ɗaruruwan ma'aikata suna yin watanni bisa wannan aiki. In an gama ɗaukar fim, sau da yawa sai a rushe kome.

Wani lokaci kuma masu fim sukan tafi gari na gaskiya. Mutanen Agadas sun taɓa ganin haka, sa'ad da Bernardo Bertolucci, mutumin Italiya, ya zo ya ɗauki wani sashe na fim ɗinsa The Sheltering Sky, wanda ya fito cikin 1990.

Kuɗin da ke cikin wannan sana'a ba kaɗan ba ne. Akwai jerin finafinai da ake kira Star Wars, wato Yaƙin Taurari. An ɗauki na bakwai ɗinsu cikin 2014, mafi yawansa a Pinewood, wani babban gidan shirya fim da ke yamma da Landan, ƙasar Ingila. Da ya fito cikin watan Disamba na 2015, kuɗin da masu kallo suka biya cikin duniya ya wuce dala miliyar 2. Dalar Amurka ake nufi, ba dalarmu ba.

Saboda haka masu fim suna ɓoye aikinsu ƙwarai. Suna sa ma'aikata su sa hannu bisa takardar alkawarin ba za su faɗi abin da suka gani ba. Suna kewaye wurin da shinge. In dare ya yi kowa ya tafi gida, sai a bar masu gadi. Wannan ɓoyon shi ne yake ƙara jan ƴan leƙe, don abin da aka rufe shi ido yake so.

Abin da ƴan leƙe suke cewa

Ba a yanke wa mutum hukunci ba a ji ta bakinsa ba. Ga hujjojinsu.

Ta farko: ba mu lalata kome ba. Yadda muka tarar da wurin haka muka bar shi. Kallo ba ya rage abu. In ka kalli wata, bai ragu ba.

Ta biyu: kamfanin fim ya fi ƙarfin wannan. Masu miliyoyin kuɗi ne. Samari uku da tocila ba za su sa su kwana da yunwa ba. Su ma masu fim ai sukan rufe titin gari kwana da kwanaki don aikinsu, talaka ya yi ta zagaye.

Ta uku: son sani ba laifi ba ne. Gani ya kori ji. Wanda ya ga bayan bangon nan da idonsa ya san fadar katako ce, hoto ba zai ƙara ruɗinsa ba. Duniya ta cika da shinge da allunan "ba a shiga". In kowa ya tsaya inda aka ce ya tsaya, wa zai san abin da ke baya?

Waɗannan maganganu suna da nauyi, musamman ta uku. Son sani shi ya sa ɗan Adam ya haƙa rijiya, ya ƙera garma, ya gano magani. Mutumin da ba ya tambaya ba ya ci gaba. Amma kyawun sha'awa bai isa ya wanke hanyar da aka bi aka biya ta ba. Yunwa ma ba laifi ba ce, duk da haka ba ta halatta rumbun maƙwabci ba.

Kufai dabam, gona dabam

Abu na farko da ya kamata mu rarrabe shi ne irin wurin da aka shiga. Wanda ya ratsa ta kufai, inda mutane suka tashi tun shekaru, babu wanda ya tsaya wa a gaba. Wanda ya ratsa ta gonar da aka yi shuka jiya, ko bai tsinki kome ba, mai gona yana da ta cewa. Can an bar wuri, nan kuwa ana cikin aiki.

Ka'idar ƴan leƙe an yi ta ne domin kangaye. Ko a can ma akwai magana, don kango yana da mai shi, yana kuma da hatsari. Amma wurin ɗaukar fim ba kango ba ne ko kusa. Wurin aikin mutane ne, sun tafi barci ne kawai, da safe za su dawo. Sun ajiye kowane abu daidai inda suke son shi, domin hoton yau ya dace da na jiya. In baƙo ya gusar da kujera ko ya taka rairayin da aka share, su za su yi ta neman abin da ya sake.

Ashe hannu wofi ba shi ne shaidar ba a ɗauki kome ba. Akwai abubuwan da ake ɗauka waɗanda ba su shiga aljihu. Bari mu duba guda uku.

Na farko: ranar nuni

Mai aiki yana da hakkin ya zaɓi ranar da zai nuna aikinsa. Ku duba uwar amarya. Tana yin shekaru tana tara kwanoni da tasoshi, tana ɓoyewa, domin ranar jere mata su shigo su yi mamaki. In wata ta saci jiki ta shiga ta ƙidaya kayan, ta bi gida gida tana faɗi, ko cokali ba ta ɗauka ba. Amma ranar jere ta riga ta lalace. Abin da uwar amarya ta yi shekaru tana tanadi, wato mamakin mutane, an raba ta da shi.

Haka fim yake. Mamaki shi ne hajar da masu fim suke sayarwa, kuma ɗan leƙe ba ya ajiye hotonsa ƙarƙashin katifa. Yana sa shi cikin intanet, dubban mutane su gani. Waɗansu ma suna samun kuɗi ta YouTube gwargwadon yawan masu kallo. Wanda ya sami suna da kuɗi da aikin da wani ya yi wata shida yana yi, da wane baki zai ce bai ɗauki kome ba?

Na biyu: abincin mai gadi

Wannan shi ne mafi nauyi, shi ne kuma ƴan leƙe ba su cika tunawa da shi ba. Sun ce kamfani yana da kuɗi. Gaskiya ne. Amma ba kamfani ne yake tsaye bakin shinge cikin sanyi da ƙarfe uku na dare ba. Mai gadi ne. Shi kuwa yana cikin masu ƙaramin albashi a wurin. Sau da yawa ma ba ma'aikacin masu fim ba ne, wani kamfanin gadi ne ya turo shi, kuma sauya shi ba wuya.

In hotuna suka bazu da safe, tambayar farko da manya za su yi ita ce: wa ke gadi daren jiya? Mai kamfani ba zai rasa kome ba. Tauraron fim ba zai ma ji labari ba. Wanda za a kira a yi wa faɗa, a ce ya yi barci, ko a zarge shi da karɓar toshiya, ko a sallame shi, shi ne mai gadi. Yana da iyali, yana da kuɗin haya. Samari sun yi nishaɗin dare guda, sun bar masa biyan bashi.

Daɗin wannan wasa ma daga ina yake fitowa? Daga wuce mai gadi ba tare da ya gani ba. Da babu shi, da babu bugun zuciya, babu abin ba da labari. Ke nan an sa bawan Allah cikin wasan da bai sani ba, bai kuma yarda ba, aka sa abincinsa a caca. Jifan da aka ce an yi wa mai kuɗi, talaka ya samu.

Na uku: lafiyar mutane

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wurin ɗaukar fim yana da hatsari ko ga waɗanda suka san shi. Cikin watan Yuni na 2014, a Pinewood, wata ƙofar ƙarfe mai aiki da inji ta sauko bisa Harrison Ford, ɗaya daga cikin manyan ƴan wasan Star Wars, ta karya masa ƙafa. Yana da shekara 71 a lokacin. Cikin 2016 kotu ta ci kamfanin da ya shirya fim ɗin tarar fam miliyan 1 da dubu 600, abin da ya wuce miliyar 1 na kuɗin sefa. Wannan ya faru ana cikin aiki, fitilu a kunne, ma'aikata suna tsaye. To, ina ga baƙon da ya shigo cikin duhu, bai san wane bene ne na gaske ba, wane ne na kwali?

Ga kuma wuta. Gari ne na katako da fenti da wayoyin lantarki. Babban zauren ɗaukar fim na Pinewood ya ƙone cikin 1984, ya sake ƙonewa cikin 2006. Ran 1 ga Yuni 2008, gobara ta cinye wani babban sashe na gidan fim na Universal a Amurka, bayan ma'aikata sun yi gyaran rufi da wuta cikin dare. Mai gadi ne ya hango ta da asuba. Ba ƴan leƙe ne suka jawo waɗannan gobara ba. Amma sun nuna mana irin wurin da ake magana, sun kuma nuna amfanin mai gadi. Lokacin da ya ɓata yana bin samari cikin duhu, lokaci ne da idonsa ba ya bisa aikinsa.

Ɗan leƙe yana iya cewa, "Raina ne, ni na ga dama." Amma in ya faɗo daga sama, ba shi kaɗai abin ya shafa ba. Masu kashe gobara da masu ɗaukar marasa lafiya za su shiga hatsari su fito da shi. Uwarsa za ta yi kuka. Mai gadin da ya tsinci gawa zai daɗe bai manta ba.

Doka da zuciya

Wani zai ce, to mi doka ta ce? A Ingila, shiga filin wani ba izini, in ba a yi ɓarna ba, yawanci ba laifin ɗauri ba ne. Mai wuri yana iya fitar da kai, ko ya kai ƙara. Amma wata doka ta 1994 ta ce in ka shiga don ka hana mutane aikinsu na halal ko ka dagula shi, wannan laifi ne da ake hukuntawa. Da ita aka kama waɗansu samari biyu da suka haura gidan ɗaukar wani shirin talabijin a Elstree, arewa da Landan, cikin watan Janairu na 2018. Cikin 2019 aka yanke musu yin aikin jama'a ba biya.

Ke nan wani ya shiga ya sha, wani ya shiga an hukunta shi. Sai dai tambayarmu ta wuce ta alƙali. Doka tana tsare manyan iyakoki ne kawai. Babu dokar da ta ce ka yi sallama kafin ka wuce zaure, amma wanda ya faɗa gidan mutane ba sallama kowa ya san abin da ya yi. Sallama tana nufin ka yarda akwai mai gida, kuma yana da ikon ya ce maka bismilla ko ya ce ka dakata. Wanda ya haura shinge ya raba mai wuri da wannan iko.

Ba kowane shiga ne laifi ba

Kada mu wuce gona da iri, mu ce shinge ya fi kome. In ka ji kukan yaro cikin gidan da ke cin wuta, ba ka tsayawa sallama. In ana zaluntar mutane bayan wata katanga, wanda ya shiga ya tona asiri ya yi aikin kirki, ko da mai katanga bai so ba. Bambancin a fili yake. Waɗannan sun shiga ne domin wani. Ɗan leƙen fim ya shiga ne domin kansa. Bayan shingen nan ba wanda ake cuta, aiki ne kawai da bai nuna ba tukuna.

Ba kuma kowane gani ne sata ba. Cikin watan Satumba na 2014, wani mai ɗaukar hoto yana cikin ƙaramin jirgin sama bisa wani tsohon filin jiragen soja a Ingila mai suna Greenham Common. Hotonsa ya kamo jirgin taurari na Star Wars da ake haɗawa a ƙasa, ya kuma bazu cikin duniya. Bai haura shinge ba, bai yaudari mai gadi ba, babu wanda za a ce ya yi barci. Ana iya gardama ko ya dace ya baza hoton. Amma tsakaninsa da mai kutsawa cikin dare akwai rata.

Mai son gani kuma yana da ƙofa. A kudancin Tunisiya, kusa da garin Nafta, masu Star Wars sun gina wani ƙauye cikin hamada cikin 1997. Da suka gama aka bar shi a tsaye, baƙi suka riƙa zuwa kallo, mutanen wurin suna samun abin kai wa baka. Masana sun auna wani tudun rairayi da ke matsowa gare shi, suka ga yana tafiyar wajen mita 15 a shekara. A Warzazat ta ƙasar Maroko ma akwai gidan fim da ake biyan kuɗi a shiga a zagaya. Wanda ya tafi can zai taɓa bangon da hannunsa, ya ga katakon da ke baya, ya san abin da ɗan leƙe ya sani. Abu guda kaɗai ba zai samu ba, shi ne daɗin wuce mai gadi. In kuwa wannan daɗin ne mutum yake nema, to, ya daina kiran abin son sani.

Ma'aunin da za mu riƙe

Magabata da suka yi karin maganar nan, zargi suke nufi: wanda aka kama cikin ɗaki ba a yarda da rantsuwarsa. Labarin ƴan leƙe ya nuna maganar ta fi haka zurfi. Ko an yarda da rantsuwar, ko an tabbata hannunsa wofi, da sauran tambaya.

Wannan ba ta tsaya ga Turawa da finafinansu ba. Wanda ya buɗe wasiƙar da aka ba shi ya kai wa wani, ya karanta ya mayar, bai ɗauki kome ba. Wanda ya ɗauki wayar matarsa ko ta abokinsa yana barci, ya duba saƙonni ya ajiye, bai ɗauki kome ba. Wanda ya laɓe bayan darni yana sauraren maganar maƙwabta, shi ma haka. Dukansu suna iya rantsuwa, rantsuwarsu kuma gaskiya ce.

Saboda haka kafin mutum ya sa ƙafa ko ido inda ba a kira shi ba, kada ya tsaya ga tambayar "mi zan ɗauka?" Ya tambayi kansa abu biyu. In mai wurin ya farka ya gan ni, zan iya duban idonsa in faɗa masa abin da ya kawo ni? In kuma abin ya fito fili gobe, wa za a kama da laifi, ni ko wani bawan Allah da aka ba amanar tsaro? In amsar ta farko a'a ce, ta biyu kuma wani ne, to, ya koma ta ƙofa ya yi sallama. In an ce ya shigo, ya shiga. In an ce ya dakata, ya yi haƙuri har ranar nuni.